Sanarwar ɗalibai da kwandon sifam: littafin aiki daga Katsina

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Kwamiti ya ɗora mini aiki biyu a zaman bayan Sallah. Na farko in gano abin da ya sa sanarwar da muke tura wa ɗalibai ta imel ba ta isa gare su. Na biyu in kawo shawara kan ko za mu sayi takardar shaidar mai aika saƙo, wadda wani ya ba Baba Ciyaman labarinta a Abuja.

Ga wanda bai san mu ba, ƙungiyar sa-kai ce ƙarama, ofishinmu ɗaki guda ne wajen Ƙofar Ƙaura. Duk mako muna tattara sanarwar tallafin karatu, guraben horo, bayanin bashin karatu na NELFUND da ranakun rufe rajista, mu tura wa ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Kwalejin Hassan Usman, da na Dutsin-Ma, da Al-Qalam, da na Daura. Adireshin da ke hannunmu sun kusa dubu tara. Muna da zaurukan WhatsApp, amma sanarwa a zaure kafin la'asar ta nutse, imel kuwa ana iya nemo shi bayan wata guda.

Kafin azumi mun tura sanarwar wani tallafi. Bayan an rufe, ɗalibai suka yi ta zuwa suna cewa ba su gani ba. Da muka buɗe wayoyinsu, ga saƙon nan kwance a sifam, wato kwandon da ake jefa saƙonnin imel da ake zargi. Cikinsu akwai wata yarinya daga Batagarawa da ta cika kowane sharaɗi. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Baba Ciyaman ya ce, "Malam, in dai kuɗi za su buɗe ƙofar nan, mu biya mu huta." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni lokaci in ga ƙofar tukuna." Hajiya Ma'aji ta ce ita dai kada a zo mata da lissafin dala ba tare da bayani ba. Tana da gaskiya.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na fara da karanta kan saƙon, wato bayanan da ke ɓoye a samansa, waɗanda Gmail ke nunawa idan ka nemi ganin asalin saƙo a kwamfuta. Abu uku ake dubawa a wurin. SPF shi ne jerin sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke aika saƙo, waɗanda mai sunan gidan intanet ya yarda su aika da sunansa. DKIM sa hannu ne na lissafi da ake liƙa wa kowane saƙo, mai karɓa ya gwada shi da mabuɗin da aka ajiye a DNS, wato kundin adireshin intanet. DMARC kuma shi ke cewa sunan da mutum ke gani a wurin "daga wane" dole ya dace da wanda ɗaya daga cikin biyun can ya tabbatar, ya kuma gaya wa mai karɓa abin da zai yi idan bai dace ba.

Namu: SPF ya wuce, amma da sunan kamfanin da ke riƙe mana shafi, ba da namu ba. DKIM babu. DMARC babu. Tsarin da aka kafa tun farko yana tura saƙon ne kai tsaye daga sabar da shafinmu yake, kuma wannan saba ɗaruruwan shafuka ke amfani da lambar IP ɗinta, wato lambar da ake gane ta da ita a intanet. Na duba lambar, na same ta a cikin wani jerin baƙin littafi na masu aika sifam. Ko wane maƙwabci ne ya jawo, mu ma ya shafa mana kashin kaji.

Wani a kwamiti ya ce ai don mu 'yan Najeriya ne, an san tarihin 'yan 419, shi ya sa ake jefar da saƙonmu. Na fahimci abin da ya sa zuciya ke saurin zuwa can. Amma abin da ke gabana a rubuce bai ambaci ƙasa ba. Ya nuna saƙo ne da ba shi da sa hannu, ya fito daga lambar da ta yi ƙaurin suna. Daga ko'ina ya fito a duniya haka za a yi masa.

Akwai kuma dokar da Google da Yahoo suka sanar a Oktoban 2023, ta fara aiki a Fabrairun 2024. Duk wanda ke tura saƙo wajen 5,000 a rana zuwa adireshin Gmail, sai yana da SPF da DKIM da DMARC, sai ya ba mutane hanyar cire suna da taɓawa ɗaya kuma ya cire su cikin kwana biyu, sannan masu kai ƙarar saƙonsa a matsayin sifam kada su kai kashi 0.3 cikin ɗari. Mu a rana ɗaya muke tura namu gaba ɗaya, saboda haka mun shiga wannan sahu tuntuni, kuma Google ta ce wanda ya shiga sau ɗaya ya shiga ke nan.

Asabar, 19 ga Afrilu

Wannan makon na ba takardar shaidar haƙƙinta, don ban so in yi watsi da shawarar dattijo ba tare da na san ta ciki da waje ba.

Tunanin ba sabo ba ne. A 2002 kamfanin IronPort ya fito da tsarin Bonded Sender: ka ajiye kuɗin jingina, idan mutane suka yi ƙorafi a kanka a yanka daga ciki. Return Path ya karɓi tsarin a 2005, ya ci gaba da shi a matsayin takardar shaida, sannan Validity ya sayi Return Path a 2019. Takardar Validity ɗin nan ce aka ba Baba Ciyaman labarinta. An kuma yi Goodmail, wanda AOL da Yahoo suka rungume shi a 2006, inda ake biya kan kowane saƙo. Ya rufe a 2011. A Jamus akwai Certified Senders Alliance tun 2004, wanda ƙarfinsa yake wajen masu akwatunan can irin su GMX da WEB.DE.

Yadda abin yake aiki: kamfanin zai binciki yadda kake tara adireshi, da yawan ƙorafin da ake yi a kanka, da yadda ka tsara sabarka. Idan ka tsallake, sai ya sa lambar IP ɗinka a jerin amintattu, masu akwatin saƙo da suka yarda da jerin su sassauta maka tacewa. Ana biya duk shekara, da dala, gwargwadon yawan abin da kake turawa. Kuma ana ci gaba da sa maka ido. Ƙorafi ya yi yawa a dakatar da kai.

Abu uku suka fito mini fili.

Sai kana da lambar IP taka kai kaɗai. Mu da ke tura saƙo sau ɗaya a mako, lambar za ta kwana shida shiru, rana ɗaya ta kwararo dubbai. Masu tacewa ba sa son irin wannan tafiyar, shi ya sa kamfanonin aikawa da kansu ke ba masu ƙaramin aiki shawarar su zauna cikin lambobin haɗaka masu tsabta.

Sai ka riga ka gyaru kafin a ba ka. Da halin da muke ciki yau, ko mun kai kuɗin ba za mu tsallake binciken ba. Duk gyaran da za su nema, shi ne dai gyaran da za mu yi ko da takarda ko babu.

Na uku shi ya fi nauyi. Amfanin takardar ya fi fitowa a akwatunan Microsoft, wato Outlook da Hotmail, da Yahoo, da wasu kamfanonin Amurka da Turai. Gmail ba ya cikin masu aiki da jerin. Google ta faɗa a ƙa'idojinta cewa ba ta karɓar roƙon a sa wani a jerin amintattu. Sai na koma na jera adireshinmu gida-gida. Fiye da tara cikin goma Gmail ne, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda duk wanda ya sayi wayar Android sai ya buɗe shi. Yahoo 'yan kaɗan, yawanci malamai da manyanmu. Outlook da Hotmail ba su cika ɗari biyu ba.

Haka na yi wa Baba Ciyaman bayani da na same shi a gida bayan Magariba: takardar mai unguwa ce, tana da daraja sosai a unguwarsa, amma ɗalibanmu a wata unguwar suke zaune. Ya yi shiru, ya ce, "To mi za a yi?" Na ce a bar ni in fara da abin da ba ya cin kuɗi.

Ban ce takardar yaudara ba ce. Banki ko kamfanin jirgin sama da ke tura miliyoyi kullum, kuma rabin mutanensa suna Outlook da Yahoo, zai iya cin ribarta. Mu dai ba mu ne ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Mun bar sabar shafi. Na auna Brevo, wani kamfanin aika imel da ke ba da saƙo 300 kyauta a rana, amma hakan ba zai ɗauke mu ba sai an shiga na biya. Na tsaya kan Amazon SES, tsarin aika imel na kamfanin Amazon: santi 10 na dala kan kowane saƙo dubu. Ko da duk jerinmu muka tura sau huɗu a wata, bai kai dala huɗu ba. Hajiya Ma'aji ta sa na maimaita mata lissafin, sannan ta rubuta. Sabon asusu yana farawa ne da iyakar saƙo 200 a awa 24, kuma ga adireshin da ka tabbatar kaɗai, sai ka rubuta ka bayyana yadda kake samun adireshi da yadda kake cire waɗanda suka dawo, kafin a sake maka mara. Na rubuta gaskiyar halin da muke ciki da abin da muke shirin yi. An amince.

Na ware wa sanarwa reshen suna nata daban a ƙarƙashin sunan gidanmu na intanet, don kada abin da ya same ta ya shafi wasiƙun ofis. Na sa DKIM da mabuɗi mai tsawon 2048. Na gyara SPF, ina lura da iyakar tambayoyin DNS guda 10 da ba a so a wuce. Na sa DMARC a kan p=none, wato a kawo mini rahoto kawai, kada a hukunta kowa tukuna. Na yi rajista da Postmaster Tools na Google, shafin da ke nuna wa mai aikawa darajar sunansa da yawan ƙorafin da ake yi a kansa a Gmail. Duk wannan bai ci ko kwabo ba, sai dai data da cajin kwamfuta, wanda da zafin nan da rashin wuta shi ma ba ƙaramin abu ba ne.

Litinin, 5 ga Mayu

Daga yau Microsoft ta fara aiki da irin dokar Google ga masu tura sama da 5,000 a rana zuwa Outlook da Hotmail: SPF, DKIM, DMARC. Ba mu kusa da wannan adadi a wajensu, amma na rubuta don kwamiti ya gani. Ko gidan da takardar shaida ta fi tasiri, abin da ya wajabta wa kowa shi ne wanda muka yi kyauta.

Asabar, 17 ga Mayu

Nan aikin ya yi nauyi, kuma nan na fi daɗewa.

Na fara tura wa ƙananan rukunai daga sabon wuri, ina ƙarawa a hankali. Gwaji ya nuna duk ukun suna wucewa. Amma saƙonnin da ke dawowa don ba su samu shiga ba sun tayar mini da hankali, domin Amazon na sa asusu cikin bincike idan masu dawowa suka kai kashi 5 cikin ɗari, tana iya dakatar da shi a kashi 10. Sai na tsayar da komai na shiga jerin da kaina.

Yawancin adireshin daga takardun halartar taro aka kwafo su, rubutun hannu, wani a tsaye wani a kan gwiwa. Akwai gmial, akwai gmail.con, akwai waɗanda aka haɗa suna da lambar waya aka manta alamar tsakiya. Waɗannan masu sauƙi ne. Masu wuyar su ne adireshin da mai kafe ya buɗe wa yaro ranar rajistar JAMB, ya rubuta masa kalmar sirri a bayan rasit, rasit ɗin ya ɓace. Adireshin yana raye, saƙo yana shiga, babu mai buɗewa har abada. Gmail yana ganin dubban saƙonnin da ba wanda ya taɓa, ya yanke cewa ba a son mu. Wasu ma an goge su, tunda daga Disamban 2023 Google ta fara share asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba.

Akwai rukuni na uku da ban zata ba: akwatin ya cika. Gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, imel da hotuna da Drive duk a ciki suke, kuma yanzu ajiyar WhatsApp ta Android ma a ciki ake lissafa ta. Ɗalibi na nan yana jiran saƙon makaranta, bidiyon biki sun cinye masa wuri, saƙo yana komawa bai sani ba. Wannan ya wuce matsalarmu, domin wasiƙar ɗaukar aiki ma haka za ta koma. Na rubuta gajeren bayani kan yadda ake dubawa, muka watsa a zauruka.

Sai kuma wani jeri na kusan adireshi dubu da ɗari biyar da wani mai son mu da alheri ya kawo bara, ya ce ɗalibai ne. Ɗaliban ne, amma ba su taɓa jin sunanmu ba. Na kai maganar kwamiti na ce a cire su gaba ɗaya. Sakatare bai so ba, ya ce, "Malam, alheri fa muke kai musu, ba talla ba." Na ce haka ne, Yallabai, amma wanda bai san ka ba, yana ganin saƙo mai cewa ga tallafin karatu, abin da zai fara zato damfara ce, kuma daidai ya yi da ya yi zaton. Na yi musu lissafi: cikin saƙo dubu takwas da suka shiga akwati, mutum 24 suka danna ƙara mun kai kashi 0.3. Abin da Google ke so ma a zauna ƙasa da 0.1, wato mutum takwas. Mutum takwas za su iya rufe wa dubbai ƙofa. Ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ba ta yarda a riƙe bayanan mutum a yi ta amfani da su ba tare da hujja ba. Aka amince a cire.

Lahadi, 1 ga Yuni

Rahoton DMARC ya nuna wata saba da ban sani ba tana aika saƙo da sunanmu. Na bi sawu, ashe fom ɗin shafinmu ne, har yanzu yana amsa wa masu rajista ta tsohuwar hanya. Na mayar da shi sabuwar. Da mun yi gaggawar sa p=reject, wato a ƙi karɓar duk saƙon da bai dace ba, da saƙon maraba na sababbin ɗalibai muka fara kashewa.

Fom ɗin yanzu yana tura saƙon tabbatarwa, sai mutum ya danna kafin sunansa ya shiga. Wannan kaɗai ya kashe matsalar gmial. A taro kuma mun daina zagaya takarda, ɗalibi zai shiga da wayarsa a gabanmu.

Asabar, 14 ga Yuni

Kafin Babbar Sallah mun tura wa duk waɗanda suka daɗe ba su taɓa saƙonmu ba tambaya ɗaya: kana so mu ci gaba? Wanda bai amsa ba mun ajiye shi gefe. Jerin ya dawo ƙasa da dubu shida. Hajiya Ma'aji ta ce ganin adadin ya sa gabanta ya faɗi, tunda da shi muke nuna wa masu taimaka mana girman aikin. Na ce mata, "Hajiya, waɗanda suka fita ba su taɓa karanta mu ba. Waɗannan su ne mutanenmu." Ban dogara da alƙaluman buɗewa kaɗai wajen tantancewa ba, domin tun 2021 manhajar imel ta iPhone ke iya nuna an buɗe saƙo alhali ba a buɗe ba. Na haɗa da danna mahaɗi da amsawa.

Na gyara siffar saƙon ma. Babu sauran manyan baƙaƙe a take, babu gajerun mahaɗai da ke ɓoye inda za su kai ka, babu fosta da aka liƙa a matsayin saƙo gaba ɗaya. Kowane mahaɗi yana nuna shafin hukumar da ta ba da tallafin. Nauyinsa ƙasa da kilobait 102, don Gmail na datse abin da ya wuce haka, kuma wurin cire suna a ƙasa yake. Na mayar da wurin cire sunan sama ma, da Hausa ƙarara. Da yawa daga yaranmu suna danna ƙarar sifam ne a matsayin gogewa, ba su san hukunci suke yanke mana ba.

Abin da ya fi komai tasiri wakilanmu na makarantu ne suka yi shi, ba ni ba. Sun bi ajujuwa da ɗakunan kwana suna cewa kowa ya buɗe sifam, ya nemo mu, ya danna cewa ba sifam ba ne, ya ajiye adireshinmu, ya amsa da ko da "na gani". Wata wakiliyarmu a Dutsin-Ma ta tara ƙawayenta bayan lacca ta bi wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya saka musu da alheri. Wannan shaida ce da Gmail ke saurara, kuma ba a sayar da ita.

Asabar, 28 ga Yuni

Baba Ciyaman ya ga alamar shuɗin maki kusa da sunan wani kamfani a Gmail ɗinsa, ya kira ni ya ce ko wannan za mu saya. Sunan tsarin BIMI. Gmail ya fara nuna tambarin kamfanoni da shi a 2021, ya ƙara makin a 2023. Yana buƙatar DMARC ya kai quarantine, wato a jefa saƙon da bai dace ba a sifam, ko reject, makin kuma sai da takardar VMC, wadda ke neman tambarin da aka yi wa rajistar alamar kasuwanci, kuɗinta ya haura dala dubu a shekara. Ado ne da ke ƙara wa mai karatu natsuwa bayan saƙo ya shiga. Ba shi ke shigar da shi ba. Na ce ranka ya daɗe, wannan kuɗin zai biya wa yara da dama kuɗin JAMB. Ya ce a bar shi.

Asabar, 19 ga Yuli

Postmaster Tools ba ya nuna komai a ranakun da ba mu tura da yawa ba, don haka ranar sanarwa kawai nake samun abin dubawa. Darajar sunanmu ta tashi daga ƙasa zuwa matsakaici, makonni biyun nan kuma tana sama. Ƙorafi yana ƙasa da 0.1. Akwatunan gwaji da na buɗe, da wayoyin wakilai a Katsina, Daura, Funtua da Dutsin-Ma, duk sun nuna saƙon a ciki.

Saura biyu. Wasu na samunsa a shafin tallace-tallace na Gmail maimakon babban shafi. Ba sifam ba ne, amma wayar ba ta yin ƙara idan ya sauka can, don haka wakilai za su koya wa mutane jawo shi zuwa babban shafin. Na biyu, Outlook da Hotmail har yanzu wani mako ciki, wani mako waje. A nan ne kaɗai takardar shaida za ta iya yi mana wani abu, kuma mutanen ba su kai ɗari da hamsin ba bayan tacewa. Zan rubuta musu ɗaya-ɗaya daga adireshin ofis in roƙe su su sa mu cikin amintattunsu, wanda yake da Gmail kuma ya ba mu shi.

Rahoton da na miƙa wa kwamiti yau ya ce kada a sayi takardar bana. A sake duba maganar idan muka fara tura saƙo kullum, ko masu Outlook da Yahoo suka kai kashi ɗaya cikin huɗu na jerin. An sa hannu. Ranar Litinin zan mayar da DMARC zuwa quarantine, in zuba ido kan rahotanni har ƙarshen Agusta kafin a yi maganar reject. Kafin sababbin ɗalibai su shigo kuma ina so a buga ƙaramar takarda mai lambar QR ta fom ɗin, a liƙa a allunan sanarwa na kowace makaranta.